Ƙanzon Gaton Inna

Kwana huɗu Inna ba ta sa komai a baki ba, in ban da ruwan da ake ɗiga mata da cokali. Tun da hawan jini ya shanye mata ɓarin dama magana ta tafi, sai ido da hannun hagu suka rage mata, da kuma taurin kan nan da duk gidan muka gada. Na bar ajina a Dogon Dutsi na hau mota zuwa Tibiri da sassafe, ina isa na tarar da yayana a ƙofar gida, waya a kunne, yana neman motar da za ta kai ta likita Dosso. Ya ce tun da ta ƙi ci, sai a sa mata roba ta hanci. Ni kuwa na san abin da bai sani ba. Bara mun je duba wata maƙwabciya muka tarar da ita da robar nan, a hanyar dawowa Inna ta damƙe mini hannu, ta sa na yi mata alkawari ba za a yi mata haka ba.

Muka yi sa-in-sa a zaure. Shi ɗan kasuwa ne, ya saba a ce masa to. Ni malamar makaranta ce, na saba in ce a yi shiru a yi.

"Na ba ki zuwa la'asar," ya ce. "In ba ta ci ba tahiya za mu yi, kin so ko kin ƙi."

An gwada kunu, an gwada fura, an gwada romon kaza, duk ta kau da kai. Abu ɗaya ya rage a raina, gaton mangwaro na gidanmu, wato kek. Kakanmu ya yi kuku a gidan wani Bature a Dogon Dutsi, can ya koyo shi da wani ɗan itace na gwangwani, da ya dawo gida ya maye shi da mangwaro. Mangwaro da sukari a ƙasan kwano, ƙullu a sama, a ɗora kwanon kan yashi cikin tukunya, wuta ƙasa, garwashi kan murfi. Shi ya koya wa Inna, Inna ta koya wa yayata, yayata ta rasu wajen haihuwa. Ni ci kawai na iya. Duk lokacin da aka kira ni murhu sai in ce ina da karatu, ga shi yau karatun ya bar ni da ludayi a hannu ina rarraba ido.

Muka fito da Inna ƙarƙashin rumfa, muka jingina ta da matashi, na sa mata cokali a hannun hagu, na aje kwanon sha kusa da ita. Da ta ga mangwaro da tukunya, idonta ya tsaya a kaina. Na auna fulawa gwangwani uku, ta buga kwano. Na rage ɗaya, ta yi shiru. Haka muka yi ta yi, ni da Inna: in na yi daidai shiru, in na kauce ƙarar kwano. Ƙwan zabi biyu, shiru. Man shanu, ta buga sai da na ƙara. Na ɗauko ƴar takardar yis da na sayo a kanti, ta buga har ruwa ya fantsama, ta nuna kwandon da ake aje kanwa. Na jiƙa ƴar kaɗan, na zuba da nono mai tsami, ƙullun ya ɗan yi kumfa. Raina a ɓace yake, ban san da wa nake fushi ba, da yayana ko da kaina.

An idar da azahar na rufe tukunyar, na kwashe garwashi na jera kan murfi. Daga nan sai jira. Zafin bazara ga zafin murhu, gumi har cikin ido. Yayana ya leƙo sau biyu, ya dubi agogon wayarsa yadda zan gani. Da na kasa haƙuri na kai tsumma zan ɗaga murfi, Inna ta rafka wa kwano cokali har ya kife. Na janye hannu. A gidanmu ba a buɗe tukunyar gato sai an sauke, hanci ne ke faɗa maka ya nuna. To, hancin ne ba ni da shi.

Ƙamshi ya fara tashi, na yarinta sak, har ƙwalla ta zo mini. Bai daɗe ba wani wari ya biyo bayansa, warin sukari da ya kama. Na dubi Inna in ga ko za ta ba ni izini, ta lumshe ido abinta. Na ce Inna yana ƙonewa fa, ko motsi. A waje na ji tsayuwar mota, na ji yayana yana gaisawa da direba. Sai da ladan ya fara gyaran murya don kiran la'asar sannan ta ɗaga cokalin, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya a ƙasa.

Saman ya yi ja, ya tashi lafiya. Na zura cokali ƙasa, na ji ya kafe. Mangwaron gindin kwano ya zama baƙin ƙanzo mai danƙo. Na yi maza na yanko saman mai laushi a faranti, na tura kwanon gaton bayan turmi don kada a ga abin kunyata, na durƙusa gabanta. Yayana ya shigo ya tsaya a kanmu.

Na kai mata baki, ta kau da kai. Na sake, ta ture hannuna, lomar ta faɗi cikin ƙasa.

"Shi ke nan," in ji yayana. "Kin gwada. Ɗauko mata zane."

Na ce ya dakata. Inna ba ni take kallo ba, bayan turmi take kallo, cokalinta a miƙe. Na ɗauka so take ta ga ɓarnar da na yi. Na jawo kwanon, kunya kamar in nutse, na aje a cinyarta. Ta kafa cokali a gindinsa tana kankara da hagu, ya ƙi fita. Na karɓa na kankaro mata baƙin nan, ta buɗe baki.

Ta ci cokali ɗaya, ta daɗe tana juya shi, ta haɗiye. Ta ci na biyu. A na biyar ta nemi ruwa.

Ina kankara ina tunawa. Shekara da shekaru a faranti ake miƙo mana gaton nan, mu yara da Baba, ba mu taɓa ganin gindin kwanon ba. Inna kan ɗauke shi ta yi bayan ɗaki, mu kuwa muna cewa wanki ta tafi. Ban taɓa ganin saman a bakinta ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Yayana ya dubi kwanon, ya ce a hankali, "Ashe kullum ƙonewa shikai."

Ya fita ya sallami direba, ya wuce masallaci bai dawo ta wajenmu ba sai magariba. Inna ta ƙara wata bakwai a ɗakinta, ba roba. Yanzu duk bazara nakan yi gaton a Dutsi, a tukunya da yashi, ko da yake ina da murhun gas. Ƴaƴana saman kawai suka sani.