Zinatu da Tambayar Yaƙin Amurka

A cikin bas mai bene, tsakanin unguwar Edmonton ta London da wurin aiki, tsoro ya fara kama Zinatu. Tana bitar littafin jarrabawar da ake yi wa mai neman zaman dindindin a Birtaniya, sai ta iso shafin Amurka. Wai yankuna goma sha uku da Birtaniya ke mulka a can ne suka ƙi biyan haraji don ba su da wakili a majalisar London, suka shelanta 'yancin kai a 1776, Faransa ta kama musu, a 1783 Birtaniya ta haƙura. Ta sake karantawa. Tana ta juya maganar har ta wuce inda za ta sauka.

Zinatu 'yar Funtuwa ce. Shekararta arba'in da bakwai, biyar na ƙarshe a gidan kula da tsofaffi ta yi su, tana juya su a gado, tana ba su abinci a baki. Mahaifinta tela ne, shi ya ɗinka tutocin makarantar unguwarsu a 1960, kuma har ya koma ga Allah cewa yake yi Turawa musabaha suka yi suka tafi. To waɗannan fa? Turawa sun mulki Turawa, Turawa sun kori Turawa, sannan wanda aka kora shi ya rubuta da hannunsa ya ce a haddace?

Ta kai maganar ga Amamata, ƙawarta 'yar Kumasi mai sayar da atamfa a kasuwar Lewisham.

"Tarko ne," in ji Amamata da Hausarta ta zango. "Zinatu, ka yi hankali. Wa ke shiga gidan mutum ya ce masa an taɓa kada ubansa?"

Nan maganar ta zauna mata, don haka aka tarbiyyantar da ita: baƙo ba ya faɗin abin kunyar mai gida. Daga ranar, duk gwajin da ta yi a waya, in tambayar ta fito sai ta danna cewa Birtaniya ce ta yi nasara. Wayar ta nuna ja. Ta ce wannan ma gwajin biyayya ne.

Yayanta Nuruddeen, tsohon ɗan jarida da take zaune a gidansa, dariya ya yi har da tari.

"Ke Zinatu, kwamfuta ce ke dubawa! Kwamfuta tana da surukai ne? Sarkin da aka kada ya fi shekara ɗari biyu a kabari."

"Ai zuriyarsa na nan, Yaya."

"Su suka buga littafin!"

"Shi ne fa abin da ban gane ba."

Ranar Talata ta zauna jarrabawar. Tambaya ashirin da huɗu ce, sai an ci goma sha takwas. Shida ta tabbata ta faɗi, na sarakuna ne da ranaku. Ta bakwai kuwa ita ce dai wadda take gudu: yaya yaƙin Amurka ya ƙare? Ta danna amsar Yaya, cewa Amurkawa ne suka yi nasara. Ta tuna Amamata, ta canza. Ta tuna shafin littafin, ta sake canzawa. Tana salati, ta ci gaba da kai da komo har lokaci ya cika.

A waje Nuruddeen ya tare ta, ta gaya masa tambayar ta fito kuma ta yi ta canza amsa. "Wacce kika bari?"

Wallahi ba ta sani ba.

Kwana goma sha tara ya rage bizarta ta ƙare, kuma ba ta da tabbacin samun wata ranar jarrabawa kafin nan. An ce sakamakon ta imel zai zo. Suna zaune a tashar bas, wayar na tafin hannunta, bas biyu sun wuce ba su shiga ba. Saƙon bai shigo ba har yanzu.