Ƙwaryar da Ta Dawo Cike

Jiya maƙwabciyata ta jefa daddawa a miya, warin ya tsallako katanga, sai marigayiya Goggo ta faɗo mini a rai. Warin ya same ni zaune gaban buhun kalwar da na saya tun bara, na kasa dafawa, na kasa sayarwa. Na gaji da tambayar kaina ko na isa in fara sana'a.

Goggo yayar mahaifina ce, daddawa take kaiwa kasuwar Kalgo. Mayafinta ma warin yake yi, ko an wanke shi. Duk wadda ta zo mata da zancen sana'a, ba ta tambayarta jari. Cewa take, "Kina iya dawowa da kayanki bisa kai, mutane na kallo?"

Wata ranar kasuwa na raka ta. Ruwa ya sauko tun da hantsi, kasuwa ta watse, ƙwaryarta ko taɓawa ba a yi ba. Da muka sauka daga mota a garinmu Gwandu, na ce mu bi ta lungu.

"Lungun mi, ɗiyata? Sata muka yi?"

Ta gyara gammo, ta bi tsakiyar titi, zanenta na ɗiga, tana gaisawa da kowa. Washegari ta sake hura wuta.

Ni har yanzu lungu nake nema, Goggo. Allah ya sauke miki kowane nauyi, ya sanyaya makwancinki. Ni kuma ya ara mini wuyanki, ko na kasuwa ɗaya ne.