Ranar da Darakta Ya Karanta Labarin Kansa

Har yau ban manta da wata Laraba ba, ƙarfe takwas na safe, a lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, da ke wani ƙauye bakin tafkin Madarumfa. Akwai ni, malamin ajin ƙarshe, akwai ɗalibaina, akwai kuma daraktanmu Mushe Iliya, mutumin Maradi, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma kowane malamin lakwal Mushe ake ce masa, daga Faransanci.

Ga yadda tsarin yake. Kafin jarrabawar satifika, darakta kan yi wa yara ta gwaji, wanda ya ci shi ake aika sunansa. A ciki akwai redakshon, wato yaro ya rubuta da Faransanci labarin abin da ya taɓa faruwa a gabansa. Ƙa'idata ba ta canzawa: da farko yaushe, sannan ina, sannan su wa, sai abin da ya faru bi da bi.

Damuwata ita ce Sanda, ɗan masunci. Shekarunsa sun kai iyaka, kuma ubansa ya ce in bai shiga jarrabawa bana ba, komar kamun kifi na jiransa. Yaron na da ƙoƙari, amma kullum labarin jirgin ƙasa yake kwasowa daga littafin karatu.

Na taɓa tambayarsa, "Ka taɓa ganin jirgin ƙasa?"

"A'a, Mushe. To mu mi ke faruwa da mu da ya isa a sa shi cikin Faransanci?"

Na ce, "Abin da idonka ya gani za ka rubuta, ko na wane ne."

Ranar gwajin darakta ya rubuta a allo: a ba da labarin wani abu da ba a manta ba. Da aka gama ya zauna a teburina yana dubawa, ina tsaye. Ya iso takardar Sanda, sai na ga kunnuwansa suna motsi. Na leƙa.

Yaron ya rubuta yadda wata Alhamis da hantsi darakta ya je bakin tafki, ya ga masunta suna kifa ciki a kan gora suna iyo, ya ce ai wannan ba wuya. Ya tuɓe takalma ya hau. Gora ta juya. Ƙafafu suka yi sama. Uban Sanda ya jawo shi da ɗamararsa, mata masu wanki suna guɗa. Na ce a raina, sunan Sanda ya faɗa ruwa shi ma.

Darakta ya kira shi. "Kai, wa ya sa ka rubuta wannan?"

"Mushe ya ce ko na wane ne."

Ya dube ni, na dubi allo. Ya koma kan takardar yana bi da jan alƙalami. "Lokaci, akwai. Wuri, akwai. Mutane, har sun yi yawa." Ya ɗago kai. "Amma ka tsallake mataki guda. Ba sau ɗaya na hau ba. Na sake hawa, ta sake kayar da ni. Mai ba da labari ba ya yi wa kowa rangwame."

Ajin ya fashe da dariya, ban hana ba. Darakta ya rage masa maki ɗaya, ya ce mini, "Sa sunansa." Sanda ya shiga jarrabawa, ya kuma samu satifika.

Ranar na gane cewa yaro ba ya rasa abin faɗa, izini yake jira, kuma babba na gaske shi ke ba da izinin. Saboda haka ina roƙonku, ku malaman yanzu: in ɗalibi ya kawo muku labarin gaskiya kuka tsinci kanku a ciki, ku duba aikinsa, ku ba shi makinsa, fushin kuwa ku tafi da shi gida.