Gishirin da Gariba Ya Binne

Da ƙafa Gariba ya shigo Kumasi, yana koro shanun wani daga Bawku, bai san ko makunnin fitila ba. Shekara goma sha biyu ya yi a wani gidan yankan katako, daga ɗaukar gungume har ya kai ga riƙe filaya. Wani tsoho Bafante mai gyaran wayar lantarki ya koya masa aikin, rabi da baki, rabi da rankwashi. Tun daga nan aka rasa kansa. Ko gaisawa kuke, sai ka ga idonsa na kan falwaya.

A daminar 1956 tsawa ta bi waya ta ƙone injin niƙa-niƙan Mma Alima a Moshi Zango. Matan unguwa suka koma turmi, masu koko da masu dokunu, tuwon masarar Kumasi, suka yi ta ƙorafi. Da ta sayo sabon inji, Gariba ya je ya tsaya a gaban jama'a, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Mma, ki bar mini. In wannan ma ya ƙone, na bar Zango."

Ya tsuguna ya zana mata a ƙasa. Ta rufi tsawa ke zuwa, ko ta waya, kuma ba a tare ta, hanya ake ba ta ta wuce. Ya kafa sandar jan ƙarfe a kan kwano. A inda waya ta shigo ya ɗaura wasu ƙahoni biyu na jan ƙarfe, da ɗan tsakani, don wutar da ta yi yawa ta tsallaka ta nan. Duka ya haɗa su da waya mai kauri zuwa wani rami a bayan ɗakin injin.

Ramin ne ya jawo magana. An ga Gariba da rana tsaka yana binne faranti, yana zuba gawayi da gishiri har buhu guda, yana yayyafa ruwa. Ga ƙahoni kuma! Seini, ƙanen Mma Alima, ya rantse ya taɓa ganin irin wannan a gidan boka.

"Tsafi ne paa, tsafi tsantsa, Yaya. A tone shi."

"Gishiri na riƙe laima, ƙasa mai laima na shan wuta," in ji Gariba. Ba wanda ya saurare shi. A masallaci, duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya ɗan janye kafaɗa. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai. Mma Alima dai ta hana a taɓa ramin.

Wata Laraba bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Buokrom. Kowa na gudu gida, Gariba na gudu wajen injin, takalmi a hannu. Ya tarar da mata cike da ɗakin sun fake da kwanukan masara. Ya sa aka kashe injin. Sai walƙiya, sai ƙara kamar an fasa dutse a kan rufin. Shuɗiyar wuta ta yi tsalle tsakanin ƙahonin, mata suka zube suna salati.

Da ruwa ya tsagaita ya canza fis ɗin wutar da ya ƙone. Ya yi bisimilla ya ɗaga makunni. Injin ya yi gurnani, bel ya juya, gari ya fara zuba.

Mma Alima ta rangaɗa guɗa. Gariba, mutum da furfurarsa, ya fita cikin taɓo yana tsalle yana ihu, "Ta bi hanya! Wallahi ta bi hanya!"

Da la'asar ya shiga sahu. Seini ya zo ya manna kafaɗarsa da tasa sosai. Bayan sallama ya matso ya rage murya.

"Malam Gariba, gishirin nan, buhu nawa gidana zai ci?"