Badarou da Filin Bayan Lakwal

Badarou mai haƙar rijiya maƙwabcina ne a Zongo, shekara arba'in da wani abu ke nan. Daga Djougou ya zo yana saurayi, lokacin da famfo bai shiga gidaje ba. Rabin rijiyoyin unguwar nan hannunsa ne. Da famfo ya zo kuma, shi aka dinga kira ya cike su. Ba mai magana ba ne. In ka tambaye shi ya gwiwa, sai ya ce tana nan.

Yana da wani rodi da ya fi shi tsawo. Ba ya sa shebur a wuri sai ya soka rodin ya ji abin da ke ƙasa.

Bara, gab da damina, wani kamfanin waya ya samu ɗan fili a bayan lakwal, wato makarantar Madam Nadjoua, zai kafa antan, dogon ƙarfen nan mai kawo rezo, wato sabis ɗin waya. Tsakanin filin da bangon ajin ƙanana bai kai taku biyar ba. Jikar Badarou, Adawiyya, a ajin take.

Muka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Wannan ya ce antan na sa ciwon kai, waccan ta ce yana hana barci. Injiniyan da kamfani ya aiko, Farid, ɗan Zongo ne, ɗan marigayiya Zouliha mai tuwo, sai dai yanzu ofishinsa na Cadjèhoun. Duk maganar da aka kawo yana da takardarta.

"Iyayena," in ji shi, "ba ku ne ke kukan sai kun hau bene kafin ku samu mutanen Gaya a waya ba? Ga Alhaji Kassoum, yana zagin antan, waya na kunnensa."

Aka yi dariya. Mutane suka fara neman takalmansu.

Sai Badarou ya ce, "Ɗan Zouliha, a kan me ƙarfen zai tsaya?"

"Kankare za mu zuba, Baba."

"Shi kankaren a kan me?"

"A kan ƙasa mana. Mun auna ta."

"Ta ina?"

"Ta bakin hanya."

"To, raka ni."

Ya biya gida ya ɗauko rodinsa, muka bi su. A bakin hanya ya soka, rodi ya shiga kamar kamu biyu ya tsaya. Ya taka zuwa tsakiyar filin, inda 'yan kamfani suka sa jan fenti, ya ɗora shi ya danna da hannu ɗaya. Rodi ya yi ta tafiya har hannun Badarou ya taɓa yashi.

Ya ce, "Rijiya ce. Ni na haƙa ta, ni na cike ta. Ga wata can jikin bango."

Mu tsofaffi muka kalli juna, kunya ta kama mu, don mun manta. A Zongo in za a rufe rijiya, ba a sayen yashi. Kowane gida ya kawo shararsa: ɓawon kwakwa, fasassun tukwane, tsohuwar katifa. A watsa ƙasa a sama, shi ke nan. Babu mai rubutawa. Filin kuma ya sauya hannu sau uku.

Farid ya tuɓe takalmi ya gwada da kansa. Ya zaro rodin, ya shinshina baƙin taɓon da ya biyo shi.

"Baba, don Allah me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Kana karatu. Na bari ka gama."

Bayan kwana uku ya dawo da na'urarsu, ta faɗa masa abin da ya riga ya ji. Antan ɗin yana nan yanzu a tsohon garejin manyan motoci, nesa da ɗakin kowa. Masu maganar ciwon kai har yau suna yin ta, ban san gaskiyarta ba.

Ruwan watan shida da ya zo da iska, tsakiyar filin ya lotsa har ƙugun mutum. Safiya ce, Adawiyya da 'yan ajinsu suna ciki suna karatu. Madam Nadjoua ta leƙa ta taga, ta ga ramin cike da ruwa, ta rufe tagar ta ci gaba da darasi.