Matsarmamar Kifi a Idona

Jama'a, sallama. Na san na yi shiru wata biyar, har wasu sun aiko tambaya ko Anti Bena mai ɗinki ta bar unguwar Nima. Ina nan. Idona ne ya so ya bar ni, kuma saura kaɗan in taya shi da hannuna.

Abin ya fara da allura. Shekara talatin ina zura zare ba tare da na duba ba, sai ga shi ina lalube. Daga nan komai ya koma kamar ana ƙona shara a gabana.

Na ɓoye. Tela da ba ta gani wa zai ba ta atamfarsa?

Da na ɓata wa wata mata leshin biki, sai na kai kaina asibiti. Aka ɗiga mini magani, aka haska fitila, aka sa ni karanta haruffa a bango. Babban na sama kaɗai na gani. Likita ya ce yanar ido ce, a duka biyun, ta hagu ta nuna, sai an yi aiki. Katin inshora zai ɗauki wani abu, saura ni.

Kuɗin bai firgita ni ba kamar kalmar aiki. Wuƙa a ido? Na fito, na ce ni da asibiti sai wata rana.

Ni 'yar Katolika ce, daga arewa iyayena suka zo da ni. A cocinmu ina cikin ƙungiyar mata masu girmama manyan mala'iku uku. Mika'ilu mai tsaro ne, Jibrilu mai kai saƙo, Rafa'ilu kuwa shi ne na marasa lafiya da matafiya. Ba bauta musu muke yi ba, roƙonsu muke yi su kai kukanmu gaban Allah. Sai na ɗauki addu'ar kwana tara ga Rafa'ilu, ina neman ya raba ni da wuƙa.

Rana ta shida ƙawata ta ƙungiya, Sista Komfot, ta zo da wata shawara. Akwai labarin da ake karanta mana a coci, na wani dattijo da farar yana ta rufe wa ido, Rafa'ilu ya sa ɗan dattijon ya shafa masa matsarmamar kifi, ya warke.

"Bena, maganin ya na rubuce," ta ce da Hausarmu ta Nima. "Mala'ika da kansa ya faɗa. Ka na jiran mene?"

Ni da nake neman mafita, ai kamar an yi wa mai jin barci shimfiɗa. Muka hau trotro, motar haya, har kasuwar Makola, muka zaɓo ɗanyen kifi ƙato, muka dawo. Komfot ta fede shi, ta ciro abin nan kore, muka yi alamar gicciye, ta ɗiga mini ɗigo ɗaya a hagu.

Wayyo Allah! Barkono ma ɗan'uwa ne. Ihun da na yi ya fito da duk gidan haya.

Maƙwabciyata Hajiya Rabi, mai sayar da koko, ita ta fara isowa. Ba ta tambayi komai ba. Ta danne kaina, ta yi ta kwarara mini ruwa buta bayan buta. Sai da ta ga kifin sannan ta gane.

"Ku biyu ba ku da hankali koraa, ko kaɗan! Jibrilu da Mika'ilu na san su, namu ne duka. Wannan na ukun ban san shi ba, amma wallahi ba shi ya aike ku Makola ba. Tashi!"

Ta bar kokonta a wuta, ta riƙe hannuna har asibiti.

Likita ya duba ya ce idon ya ƙone daga waje, amma wankin da aka yi da wuri ya cece shi. Ya ce, "Mama, wa ya wanke miki? Ki gode masa." Mako uku ina ɗiga magani kafin a yarda a sa mini rana. Na ji kunya, na kuma ji tsoro sosai, don da na makance da laifina ne.

Fadan cocinmu ya zo duba ni. Da ya ji labari ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Bena, ke kifin kawai kika riƙe? Mala'ikan nan doguwar tafiya ya yi da yaron, ya kai shi ya dawo da shi. Aikinsa ke nan, rakiya."

Ranar aiki Hajiya ce ta sake raka ni. Tana jan carbinta a benci, ni ina jan nawa a gado. Aka yi allura, aka rufe fuskata da zane, ina jin likita yana hira da nas. Ban ji zafi ba. Ko tuwo bai isa ya nuna ba aka ce an gama. Wannan ne abin da na yi wata da watanni ina gudu!

Washegari aka cire bandeji. Fuskar Hajiya na fara gani, tar.

Na ce, "Hajiya, ashe kin tsufa haka?"

Ta ce, "Dokita, mayar masa da bandejin!"

Har nas ta riƙe ciki don dariya.

Yanzu an yi na dama ma. Na koma kan keke, zare yana shiga da bugu ɗaya. Ranar bikin manyan mala'iku, ƙarshen Satumba, na taka rawar godiya har gaban bagade a coci.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rafa'ilu, da likitoci, da matan ƙungiya da suka yi ta kawo abinci, da Hajiyata.

Shawarata: in ganinka ya fara hazo, je a duba da wuri. Kada ka ɗiga komai a ido, ko wa ya ce, sai abin da likita ya ba ka. Yi addu'arka, ka kuma je asibiti. In ka ga mai jin tsoro, kada ka kawo masa magani, ka raka shi.

Makon jiya Komfot ta zo tana sunkuyar da kai. Ashe ita ma yanar ce a idonta tun bara, ta so ta ga yadda kifin zai yi da ni kafin ta gwada! Na yi dariya har na zauna a ƙasa, ita kuwa kuka take yi, tsoro ya cika ta.

An ba ta ranar Talata. Na riga na gaya wa masu kawo ɗinki kada kowa ya zo, ni zan riƙe hannunta.