Yaya Hajo da 'Yar da Na Ba Ta

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajara, wadda duk Sandamu ke kira Hajo mai ƙuli. Allah ya jiƙanta. Har yau kishinta nake yi, kuma ba na ɓoyewa.

Ita ba ta taɓa haihuwa ba. Da na yaye 'yata ta fari, iyayenmu suka ce a kai wa Yaya riƙo, na kuma miƙa ba musu. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in nuna ina so. Yarinya ta tashi tana kiran Yaya "Inna", ni kuwa "Anti ta Daura".

Yaya tana da wani hali da ke ba ni haushi. Tun safe take kan suyar gyaɗa da matsar mai, amma da an kira azahar sai ta janye itace, ko da masu saye sun cika zaure. Ta yi salla, ta shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya, ta kishingiɗa. Wai jiki amana ne, za a tambaye ta yadda ta riƙe shi. Bayan la'asar ta ɗauki allo ta nufi makarantar matan aure, ga furfura a kanta, tana haɗa baƙi da sa'annin ƙannenta. Ni da nake sayar da atamfa gida-gida ban san zama ba, ina yi mata kallon mai sanyin jiki. Sai ga shi ta sauke Alƙur'ani, ni ina nan a ƙananan surori.

Da za ta leƙo yau ta ga inji na matse mai cikin ɗan lokaci, amma mata sun fi dā rashin sukuni, waya a kunne har kan sallaya, na san dariya za ta yi ta tambaye mu ina muka kai lokacin da injin ya rage mana.

Bayan rasuwarta yarinyar ta ƙi dawowa wurina, ta zauna gidan mijin Yaya har aka aurar da ita. Na haɗiye. Bana ta yi haihuwar fari, sai aka aiko cewa gidana za ta yi wankan jego. Ranar na rasa inda zan sa kaina don murna. Na ajiye talla, na sayo itace da ganyen wanka, na dama kunun kanwa da hannuna. A raina na ce yau dai jini ya yi kira, 'yata ta zaɓe ni da kanta.

Amma da ta zo, sai ka ce Yaya ce ta tare a gidan. Yadda yarinyar take ɗaura kallabi, yadda take bismilla kafin ta taɓa tukunya, duk na Yaya ne. Da azahar sai ta ce, "Anti, ajiye wankin nan ki zo ki miƙe ƙafa." Na zauna ina ƙunƙuni. Da la'asar ta sa na buɗe Alƙur'ani tana biya mini, tana gyara mini harshe cikin sanyin murya. A kwanakin nan na haye surorin da suka gagare ni shekara da shekaru, ciwon bayan da nake fama da shi ma ya lafa. Na ji daɗi, na kuma ji haushin inda daɗin ya fito.

Ranar komawarta, mai mota na jira a ƙofar gida, na daure na ce mata na gode da ta tuna da ni. Ta gyara goyo ta ce, "Ai Inna ce ta bar wasiyya. Ta ce ranar da na haihu kada in je ko'ina sai wurinki, don kin daɗe kina haƙuri."

Na raka ta mota ina murmushi, na dawo ɗaki na yi kuka mai isata. Yaya, kin san abin da ke raina tun farko, ba ki taɓa nuna mini ba. Allah ya haskaka kabarinki. Amma da kin bari ta zo don kanta.